Hancin Benus

"Wace ce wannan?" Tertula ta dangwarar da sabuwar tsabar zinariya a gaban mijinta, har man zaitun ya fantsamo daga kwano.

Basus, wanda ya shekara ashirin yana sassaƙa fuskokin alloli a gidan buga kuɗin Roma, ya haɗiye lomarsa. "Benus ce mana, allahiyar kyau. Ga sunanta nan a rubuce."

"Kar ka raina mini hankali! Benus ta taɓa zama a gabanka ne? Fuskar wata ka kwaikwaya. Wata uku ke nan kana dawowa gida kana murmushi kai kaɗai."

"Tertula, tsaya ki ji..."

"Rufe mini baki! Da ma kyakkyawa ce, da da sauƙi. Dubi hanci kamar bakin shirwa! Dubi haɓa hawa biyu! A kan wannan abar ka ci amanata? Yau ɗin nan zan kwashe kayana in koma gidan ubana!"

Ana cikin haka mahaifiyarta ta shigo da kwandon ɓaure. Ta ɗauki tsabar, ta matsa bakin ƙofa wajen haske, ta ƙura mata ido. Sai ta washe baki.

"'Yar nan, ashe ke aka buga a kan zinariya, shi ne ko ki gaya mini?" Ta juya wajen surukinta. "Alloli su yi maka albarka, ɗana. Har hancin ma ka rage mata."