Tsanin Marigayi

Ranar da na sake buɗe shagon mijina bayan rasuwarsa, mutum biyar suka shigo, kuma dukansu aron tsani ya kawo su.

"Yaya, a taimaka mana da tsanin nan," in ji tela.

"Ƙusa da siminti nake sayarwa," na ce. "Shekara ashirin kuna wahalar da bawan Allah da tsanin nan. Ya isa haka."

Na ɗaure shi da sarƙa, na danna kwaɗo. Unguwa ta yi ta gunaguni, ni ko a jikina.

Bayan sati biyu iska ta yaye rufin shagon. Ga buhunan siminti a fili, ga hadari ya sake haɗowa. Na taho a guje, sai na tarar da kwaɗona a fashe, tela da mai aski suna can sama suna buga kwano.

"Wa ya ba ku izinin fasa min kwaɗo?"

Mai aski bai ko waiwayo ba. "Yaya, riƙe mana tsanin, ƙafar hagu na rawa."

Ai na sani. Kullum sai na yi wa marigayi mitar ya gyara ta. Na kama na riƙe, daidai inda tafin hannunsa ya cinye fentin.