Ba-Birki Ya Gyara Gona

Ranar da Ba-Birki ya sayar da motarsa ta haya ya koma noman iri, sai da ya zagaya tasha kaf yana sanar da mutane. Shi ba masarar ci zai noma ba, wannan ai aikin kowa ne. Kamfani ne zai ba shi iri, ya ninka, kamfanin ya dawo ya saye. Sharaɗin dai shi ne, in malamar gona ta zo dubawa ta ga aibu, an soke yarjejeniya. Mota kuwa ta riga ta tafi.

Kamfani ya kira taron koyarwa. Ba-Birki ya ce mutumin da ya yi furfura a kan sitiyari ba zai zauna a benci yarinya ta koya masa shuka ba. Ya tura matarsa. Ta dawo da buhu babba da ƙarami, da dogon bayani wanda ya saurara da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen rediyo. Ranar shuka ma ciwon bayansa ya tashi, ciwon nan da ya haddace ranakun aiki. Ita ce ta tsaya a kan 'yan ƙwadago.

Abu ɗaya ya maƙale masa a ka daga bayanin: da masara ta fara fitar da fure a tsakar kanta, a zare shi tun bai buɗe ba, in ba haka ba iri ya gurɓata.

Da shuka ta yi kore shar, sai ta zama "gonata" a bakinsa. Lokacin zare fure ya zo, matar da 'yan ƙwadago suka yi kwanaki suna fama. Suna gamawa aka aiko ƙanwarta ta haihu, ta tafi.

Ba-Birki ya saɓa hula ya je duba aikinsu. Abin da ya gani ya sa shi salati. Bayan kowaɗanne 'yan layuka, sai ga layi guda cur ba a taɓa shi ba, furanni tsaye ƙiƙam suna shirin buɗewa. Don tsabar raini ma, an kafa sanda da jan ƙyalle a bakin kowanne, kamar masu cewa ga inda muka gaji.

"An ga mace, an yi mata wayo," in ji shi.

Tsoro ne ya fara kama shi, don malama na iya zuwa kowace rana. Sai kuma wani daɗi ya biyo baya: yau za a san waye mai gona. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga. Rana ta gasa shi, ganye ya yayyanke masa hannu, ciwon baya kuwa ko sallama bai yi ba. Bai fito ba sai da gonar ta zama ƙwal kamar kan da aka yi wa aski. Bai kira matar ya gaya mata ba, ya fi so ta ji a gaban baƙuwa.

Ya kuwa samu yadda yake so, don matar tasa da malamar tare suka iso. Matar ta kalli gona, ta nemi kan wata kunyar shuka ta zauna daɓas, hannu biyu a ka. Ba-Birki ya ce a ransa nauyinsa take ji, har ya ɗan tausaya mata.

Malama ta bi layi ɗaya har ƙarshe, ta dawo a hankali.

"Baba, wa ya taɓa layuka masu jan ƙyalle?"

"Ni ne nan, 'yata," ya buga ƙirji. "Ni kaɗai, ko guda ban bari ba."

Ta cire tabarau ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, waɗannan fa su ne mazan. Da gangan aka bar musu fure don su ba sauran layukan, wato matan, 'ya'ya, kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka dandaƙe."