Kyamarar da ke Gaban Shagona

Kwana tara da rasuwar matata, yayanta ya zo shago ya ce in ajiye aiki, za mu je ofishin masu kula da hanya.

Facin taya nake yi a bakin babban titi. A nan mota ta buge ta da rana tsaka, tana tsallakowa da abincina. Direban bai tsaya ba. Wasu sun ce motar fara ce, wasu sun ce ruwan toka. Lamba kuwa babu wanda ya gani.

"Ai akwai kyamara," in ji Yaya. "Wallahi sai na ga wanda ya mayar da 'ya'yan ƙanwata marayu."

Bara aka kafa kyamarar a kan sandar ƙarfe da ke gaban shagona. Duk wanda ya wuce ƙa'idar gudu sai ta ɗauki lambarsa, takardar tara ta iske shi har gida. Wata biyar ko akuya ba a buge ba. Mata suka riƙa tsallakawa da yara hankali kwance. Su kuwa direbobi suka tsani titin, suka koma bi ta baya. Sai in wuni ban kwance taya biyu ba. Daga baya labari ya bazu a tasha cewa kyamarar ta daina kamawa. Motoci suka dawo da gudunsu, aiki ma ya dawo.

A ofis aka zaunar da mu a benci fiye da awa guda. Fanka na juyawa, ni ina ta gumi. Na ce, "Yaya, mu bar wa Allah mu tafi."

Ya dube ni da jajayen idanu. "Kai ka iya. Ni ban iya ba."

Jami'in da ya kira mu dattijo ne mai tabarau. Ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ce babu hoton ranar. Mako shida ke nan kyamarar ba ta ganin komai, wani ya shafe gilashinta da baƙin abu mai danƙo.

"Da tana aiki," ya ce, "ba direban da zai shigo nan da irin wannan gudun."

Yaya ya buga tebur. "Wane marar imani ne ya yi wannan?"

"Zauna, malam. Na'urar nan in aka taɓa ta, sai ta ɗauki mai taɓawar. Jiya muka sauko da ita muka duba."

Na yunƙura zan miƙe. Yaya ya dafa kafaɗata, ya ce in daure, gaskiya ta zo.

Dattijon ya cire tabarau, ya dube ni, ya daɗe yana kallona. Sannan ya juyo da kwamfutar wajen Yaya.

Ga ni nan a kan tsani, da gwangwanin gam ɗin faci a hannuna.