Hayaƙin Da Ke Rusuna Wa Mode Maƙeri

Hantsi na ɗagawa, Mode Maƙeri ya ajiye guduma, ya bar lauje rabi ja rabi baƙi a kan uwar maƙera. Ya janye gawayi kaɗan daga bakin wuta, ya ba ta zuga biyu, ya ɗauki waya ya nufi tudun bayan gari. A Horo Birni nan kaɗai waya ke samun sabis, shi ma sai mutum ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa.

Ba kira yake zuwa yi ba. Wani siririn layi yake zuwa kallo.

Shekara goma sha huɗu ke nan da ɗansa Lawali ya haye teku, ya kama aiki a wata tashar lantarki mai ƙona kwal. Dokar ƙasar ta tilasta wa tashar ta riƙa nuna wa jama'a yawan hayaƙin da take fitarwa, a wani shafin intanet da kowa ke iya buɗewa, inda siririn layi ke hawa da sauka tare da hayaƙin. Zuwansa gida na ƙarshe, Lawali ya sa wa tsohon shafin a waya.

"Baba, la'asar ɗinmu can ita ta hantsinku nan," in ji shi. "In ka ga layin ga ya rusuna, ni na. Gaishe ka nika yi."

Mode bai buƙaci dogon bayani ba, don shi ya koya wa yaron. Ɗan maƙeri ba ya tafiya salla ya bar wuta a ƙoshe. Yakan rage mata gawayi ya ƙara mata iska, don kada ta mutu kuma kada ta turnuƙe. Ashe abin da Lawali ke yi ke nan da tukunyar wutar tashar, wadda ta fi masallacin Juma'a tsawo. Kafin ya tashi alwala sai ya rage kwal, ya buɗe iska, hayaƙi ya sauka na minti goma, sannan ya koma inda yake.

A zuwan nan ne kuma ya ba uban labarin wata manhaja da kamfanin ya kawo. Aikinta ta zuba wa hannun gwanaye ido, ta haddace yadda suke sarrafa wuta, don kwal ya yi auki hayaƙi ya ragu. "Sun ba ni ɗaliba wadda ba ta cin tuwo," in ji Lawali, suka yi ta dariya har Inno, uwar Lawali, ta leƙo daga madafa.

Yanzu babu mai leƙowa. Inno ta riga mu gidan gaskiya. Shatu, ƙanwar Lawali, tana aure a Boɗinga tana koyarwa a firamare. Bilkisu matar Lawali ta kwashi yara ta koma gidansu a Lambara. Gida ya rage daga Mode sai akuya ɗaya, ita ma ba ta da hira. Manoman da ke kawo gyaran garma in suka ga ya nufi tudu sai su kau da kai, ba mai cewa a gaishe da Lawali. Mode bai damu ba. A shekara biyun nan layin bai taɓa yi masa fashi ba, ko ranar Salla, ko da ciwon kai na yini ɗaya.

Ranar Alhamis Shatu ta sauka daga motar Shagari, ta tako har maƙera, ta durƙusa. Ta daɗe tana gaisuwa, irin gaisuwar wanda bai san ta inda zai fara ba.

"Baba, abokin aikin Yaya ya aiko saƙo. Manyansu sun duba, sun ce rusunawar nan hasara ta, wuta ka raguwa ba dalili. Ran Assabar za su gyara."

"Wa yac ce musu ɓatacce na?" in ji Mode.

Ya roƙi Shatu ta rubuta musu cewa minti goma ne kawai, kuma hayaƙi raguwa yake ba ƙaruwa ba. Ta rubuta a gabansa. Aka amsa da ladabi, aka ce an fahimta, aka ce sai dai haƙuri.

Ranar Juma'a ya riga hantsi isa tudun. Ya zauna a kan dutse ya riƙe wayar da hannu biyu. Da lokaci ya yi layin ya rusuna a hankali, kamar yadda ya saba. "Lahiya lau, Lawali," in ji tsohon. "Allah shi yi ma albarka." Bai ƙifta ido ba har layin ya miƙe.

Ranar Asabar ma ya je, don zuciya ba ta jin saƙo. Hantsi ya zo ya wuce, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, aka kira azahar. Layin na nan miƙe sambal, hayaƙi ƙasa da na kullum, yadda manyan ke so. Kaɗaici ya taso masa, ya kifa wayar a cinya ya yi kuka, kukan da ya ƙi yi a gaban masu ta'aziyya.

Shekara biyu ke nan da aka binne Lawali a can bayan teku, kuma tun daga ranar ɗalibarsa ce ke rage kwal duk la'asar, tana jiran malaminta ya idar da salla.