Motar da Ba Ta Wuce Arba'in

Allurar gudun motar ta hau arba'in ta tsaya cak. Dattijon ya danne totur har ƙasa, injin ya yi gurnani ya haɗiye sauran. Wata motar ɗaukar yashi ta wuce shi, direban har da ɗago masa hannu.

Jar mota ce mai ƙofa biyu, wadda aka ƙera don ta ci kilomita ɗari uku a awa. Yanzu ga ta tana rarrafe. Lafiyar injin ƙalau, kunnensa ya gaya masa. Wani ne ya shiga ƙwaƙwalwar motar, ƴar kwamfutar nan da ke raba mai da iska, ya ɗaure ta.

Kuma ya san ko wane ne. Tun da ƴarsa ta dawo da shi gidanta komai sai da izini. Magani a kan lokaci, ƙofa a kulle, "Baba ina za ka?" kafin ya gama sa takalmi. Motar ce kaɗai ta rage masa, ita ma an sa mata takunkumi. Yau zai samo shaida. In ya tabbata ita ce, zai tattara kayansa, kuma ba za ta ƙara jin muryarsa ba.

Bai tambayi kowa hanya ba ya karya kan motar zuwa wani gareji a bayan masu sayar da taya. Ma'aikata biyu da ke cin abinci a kan benci suka miƙe tsaye. Mai garejin, wani dogon mutum da furfura ta fara taɓa wa gemu, ya fito yana goge hannu.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Kai ne mai gyaran ƙwaƙwalwa?"

"Ni ne. Dogo ake ce min."

"Me da me kake yi?"

Dogo ya lissafa masa a hankali. Akwai tsarin tattalin mai, akwai na titi mai ƙara ƙarfi kaɗan, akwai na filin tsere wanda ake sakar wa injin mara gaba ɗaya. In mutum ya so ma a cire ƙwaƙwalwar asali a sa sabuwa.

"Na tsere nake so. Amma fara cire min wannan igiyar."

Dogo ya ɗauko kwamfutarsa da waya. Kafin ya sunkuya, dattijon ya karɓe wayar ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya jona ta, ko dubawa bai yi ba. Lambobi suka cika allo, jeri bayan jeri.

Dattijon ya ja wata tsohuwar kujera ya zauna, ta karɓe shi daidai. Ya bi lambobin da yatsa. Wanda ya yi aikin bai datse man motar kai tsaye kamar ƴan koyo ba, rage shi ya yi sannu-sannu don kada motar ta yi tsalle a tsakiyar titi. Sannan ya rufe komai da kalmar sirri.

"Ɗan banzan ya iya aiki," ya ce, haushi na cin sa. "Buɗe."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba? Wannan tsawon naka duk na banza ne?"

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya juya baya.

Zufa ta keto wa dattijon. Garejin ya yi masa ƙunci kamar ɗakin da ƴarsa ta ba shi. Sai wani abu ya faɗo masa, bai san daga ina ba.

"Ku masu wannan sana'a ai ba kwa rufe aiki sai kun bar rubutu a ƙarshensa. Kwanan wata da alamar mai hannu. Gangara ƙasa. Ina son ganin wanda ƴata ta ɗauka ya yi min wannan wulaƙanci."

"Baba, ka bari kawai."

"Gangara na ce!"

Dogo ya sauke numfashi irin na mutumin da ya gaji da hawa tudu ɗaya. Ya gangara har layin ƙarshe, ya juyo da allon.

An rubuta: "Yau na manta wanne ne burki a gaban makarantar yara. Allah ya kiyaye. Likita ya ce mantuwar ƙaruwa za ta yi. Dogo, ko na zage ka, kada ka buɗe min."

Dattijon ya karanta, ya sake karantawa. Ya ɗago kai.

Dogo ya durƙusa a gefen kujerar, ya zare wayar a hankali.

"Kai ka koya min aikin nan, Baba, garejin ma naka ne. Da hannunka ka ɗaure ta, kuma yau zuwanka na tara ke nan."