Dalilin Ajiye Aiki: Sauro

Manaja ya sake ƙirga takardun ajiye aiki: mutum tara cikin ashirin, a wata shida. A gurbin dalili, kowa kalma ɗaya ya rubuta: "Sauro."

Sauro kuma? Sau uku ana feshi, kowace taga da raga, shi ko cizo ɗaya bai taɓa ji ba. Lallai da wata a ƙasa. Wani munafuki ne ke kitsa musu ƙaryar nan.

Washegari ya ajiye motarsa nesa, ya lallaɓo ta ƙofar baya, ya kasa kunne.

Sai ga muryar sakatariyarsa, har da dariya: "Yaya, sha shayinki a tsanake. Motar Sauro ba ta iso ba tukuna."