Shaidar Bakin Fili

Amarya ta ajiye farantin shayi a tsakiyar falo ta koma bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa in mijinta na da baƙi. Shekara biyu da auren, amma sunan ya ƙi sakinta.

Magoya bayan 'yan matan kwaleji ne suka taru, kamar yadda suke yi duk ƙarshen kakar ƙwallon kwando. A da, da kiɗa ake wannan zama. Yau gangar na jingine bayan kujera, ba wanda ya ko kalle ta.

Mijin, wanda suke kira Ciyaman, ya sake lissafo abin da kowa ya sani. Wasa goma sha takwas, sun ci sha biyar. Sai wasan kusa da na ƙarshe, saura daƙiƙa arba'in, maki ɗaya ya rage su cimma baƙi. Doguwa ta ƙwace ƙwallo ta taso a guje, wata mai lamba huɗu daga baƙin na biye da ita, sai Doguwa ta faɗi a ƙarƙashin kwando, gwiwa ta juya. Nan kaka ta ƙare.

Doguwa ƙanwar Ciyaman ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana ɗakin ciki, ƙafa a ɗaure tun daga cinya. Likita ya ce wata tara, in ma za ta dawo fili.

Aka shiga zancen baɗi. Baba Fansho, tsohon malamin da bai taɓa fashin wasa ba, ya ce manya biyu za su gama karatu, amma akwai wata bahaguwa a aji ɗaya da za a iya ɗora wa nauyi.

"Bahaguwar da in ta jefa ƙwallo sai mu 'yan kallo mu kare kawunanmu?" in ji Anti Mai Ganga.

Dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu.

Ciyaman ya zaro takarda. Koke ne zuwa ga hukumar gasar, a kori Lamba Huɗu saboda ta ture Doguwa da gangan. Kowa ya san da ƙwallon Lamba Huɗu ta samu gurbin karatu, in aka kore ta daga fili, makarantar ma ta tafi. Matsalar ɗaya ce. A bidiyon da suka samu, kan wani mutum ya rufe daidai wurin. Dole sai da shaidar wanda ke kusa.

Ba kuwa wanda ya kai Amarya kusa. A zauren wasan take aikin shara. Ranar wasa tana zama kan wani ɗan benci a bayan kwando da mofarta ta goge ƙasa, ita wannan ɓangare, abokiyar aikinta wancan.

"Kujerarki ta fi ta shugaban kwaleji," Anti ta ce. "Mu muna leƙe, ke har numfashinsu kike ji."

Amarya ta ce lokacin maganin Doguwa ya yi, ta shige ciki.

Doguwa na kwance tana kallon silin. Kwana goma sha ɗaya ke nan Amarya ke yi mata wanka, tana tsefe mata kai, tana kwashe abincin da ba ta ci ba. Ba ta gajiya, ba ta kuma jin komai. Hannuwanta dai ke ta aiki.

"Matar Yaya, takardar nan suke yi?"

"Ita ce."

"Ni fa ban ji an taɓa ni ba. Ƙafar ce kawai ta tafi. Na faɗa wa Yaya, ya ce zafin ciwo ne ya mantar da ni."

"Ɗago ki sha," Amarya ta ce, ta tallafe mata ƙeya.

Da ta fito, biro na jiranta a hannun mijinta. Tun ranar abin bai yi barcin kirki ba, idanunsa sun faɗa. Shi ya koya wa Doguwa jifa da tsohon bokitin da ya fashe, tun tana kai masa ƙugu. Wanda zai tsana yake nema, ya kuma samu.

Amarya ta tuna Lamba Huɗu, siririya mai tabo a haɓa. Ita ce ta fara durƙusawa ta ɗora kan Doguwa a cinyarta, tana ɗaga wa masu agaji hannu.

"'Yar nan," Baba Fansho ya ce a hankali, "kin gani da idonki?"

"Ina wurin, Baba."

"To shi ke nan," in ji Ciyaman.

Ta rubuta sunanta a ƙasan takardar, harafi bayan harafi, yadda aka koya mata a firamare. Anti ta dafa kafaɗarta ta ce Allah ya bar zumunci, Ciyaman ya ninke takardar ya sa a aljihu, aka koma gardamar bahaguwa.

Amarya ta kwashe kofuna ta kai wurin wanke-wanke, ta buɗe famfo ta tsaya.

Ba ƙarya ta yi wa Baba ba, tana wurin. Ta ga lokacin da Doguwa ta ci makin da ya matso da su, 'yan wasa biyu suka zube a ƙarƙashin kwandon, suka tashi suka bar gumi a kan katako. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya: da zarar wasa ya koma ɗaya kwandon, ki ruga ki goge kafin su dawo.

Ba wanda ya ture Doguwa, gumin ta taka. A daƙiƙa goman nan, karo na farko a rayuwarta, Amarya na tsaye a kan benci hannu biyu a sama tana ihun sunan ƙanwar mijinta, mofar na yashe a ƙasa.